Mu ba tsofaffin makaɗanmu aji tun suna da rai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da duk ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, dan Allah ka ɗan sammin fili inyi magana akan wata mata da nasan yawancin masu karatu basu taɓa jin ko sunanta ba, ba Bahaushiya bace ba kuma 'yar Najeriya ba, wata tsohuwar mawaƙiya ce 'yar Amurka ana ce mata Sheila Jordan, ta mutu ranar 11 ga Agusta 2025 tana da shekara 96. Nasan wani zai ce to mu ina ruwanmu da wata tsohuwar Baturiya, mu da muke fama da tsadar taki da ambaliya duk damina a nan ƙasar Haɗejiya. Ayi haƙuri a bini a hankali, maganar a ƙofar gidanmu zata tsaya.

Kiɗan da matar nan tayi rayuwarta a ciki shine wanda suke kira jaz. Baƙaƙen fatan Amurka ne suka ƙirƙiro shi, jikokin bayin da aka kwasa daga nan Afirka, ya taso a birnin Niyu Olins wajen farkon ƙarni na 20. Yadda yake shine akwai uwar waƙa da kowa a cikin makaɗan ya sani, sai a fara da ita, daga nan kowa sai ya ɗauka yayi nasa zuban nan take daga ka ba rubutu, mai busa yayi, mai fiyano yayi, mai ganga yayi, sannan a dawo kan uwar waƙar a rufe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin da ake kiɗan kalangu yaga yadda ake zuba ɗiya ana komawa amshi, wallahi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma ba baƙo bane a Arewa kamar yadda ake zato, a 1960 shahararren mai busa ƙahon nan Louis Armstrong yazo Najeriya har Kaduna, akwai hotonsa tare da Sardauna Sa Ahmadu Bello suna dariya, duk mai waya zai iya nemowa ya gani.

An haifi Sheila a birnin Ditiroyit ranar 18 ga Nuwamba 1928, uwarta yarinya ce ƙarama lokacin, bata iya riƙonta ba, sai aka kaita gun kakanninta a wani ɗan ƙauye a jihar Fensilbaniya inda sana'ar mutanen wajen haƙar kwal ce. Mu idan ance Amurka sai mu ɗauka kowa a bene yake kwana, to gidan da ta tashi ba ruwan famfo a ciki, banɗaki a waje yake, ga talauci ga shaye-shaye ya ci gidan. Tun tana 'yar ƙanƙanuwa take waƙa, har masu haƙar kwal ɗin takan yi wa. Da ta fara zama budurwa ta koma Ditiroyit gun uwarta, tana 'yar sakandare taji faifan wani mai busa sakisafon, Charlie Parker, shikenan, tace daga ranar ta san abinda zata yi da rayuwarta. Ita da wasu samari biyu baƙaƙen fata suka haɗa ƙungiya, aikinsu su saurari busar Parker a faifai su haddace ta tsaf sannan su ɗora mata kalmomi su rera, kuma busar mutumin nan gudu gareta kamar me, ba kowane kunne ke iya binta ba balle baki. Parker da kansa idan zai gabatar da ita yakan ce ga mai kunnen dala miliyan.

Ta sha wuya akan wannan hulɗa fa. Zamanin wariyar launin fata ne, farar yarinya tana yawo da baƙaƙe, 'yan sandan garin sun sha tare ta suna kaita ofis suna mata tambayoyi. A farkon shekarun 1950 ta tattara ta koma Niyok, a 1952 ta auri Duke Jordan wanda ya taɓa kaɗa wa Parker fiyano, a nan ta samo sunan Jordan. Sun haifi 'ya ɗaya mace a 1955, shekarar da Parker ya mutu yana ɗan shekara 34 kacal, miyagun ƙwayoyi da giya suka gama dashi. Mijin shima harkar ta kama shi, ya tafi ya barta da goyo.

To nan ne wajen da ya fi tsaya min a rai Edita. Matar nan bata ce ai ni mawaƙiya ce don haka duniya ta ciyar dani ba. Ta iya buga tafireta tun a makaranta, sai ta kama aikin buga takardu a wani kamfanin talla, da rana tana ofis, da dare wasu ranaku a mako taje wani ɗan ƙaramin kulob tayi waƙa a bata abinda bai taka kara ya karya ba, wani lokacin kuɗin mai rainon yarinya ne zai cinye shi. A 1962 wani mai tsara kiɗa George Russell yasa ta a faifansa ta rera wata tsohuwar waƙa domin masu haƙar kwal na yankinsu da aiki ya ƙare musu, kuma a shekarar ne kamfanin Blue Note ya naɗi faifanta na farko, kamfanin da a lokacin da ƙyar yake ɗaukar masu waƙa da baki, makaɗa da mabusa ya fi yi. Kowa zai zaci daga nan ta haye, ina. Faifai na biyu da sunanta bai fito ba sai 1975, shima wani kamfani ne a Japan ya fitar. Duk tsawon shekarun nan tana nan tana buga tafireta, sai da ta kai shekara 58 sannan ta bar aikin ofis ta koma waƙa gaba ɗaya, shekarun da mu a nan mutum yake shirin ritaya yana lissafin garatuti. Ita ma a tsakani ta faɗa shaye-shayen nan da ya ci danginta, amma ta samu ta fita, kuma bata taɓa ɓoyewa ba, tana faɗa a fili don wasu su ji.

Salon da aka fi saninta dashi shine murya da bas kawai, bas ɗin nan wani ƙaton goge ne da ake tsayar dashi a ƙasa ya kai tsawon mutum, ana kaɗa tsirkiyarsa da yatsu. Ba fiyano ba ganga, ba inda zaka ɓuya idan muryarka ta kauce. Tun a faifan farko ta so ayi haka aka ƙi, waƙa ɗaya tak aka bari tayi da bas shi kaɗai, amma bata saki ra'ayin ba har sai da ya zama shine tambarinta. Wani ƙanina da ke karatu a Dutse ne ya fara kunna min ita a YouTube, Turancin ba duka nake kamawa ba amma abinda take yi na gane shi sarai, don mu da muka tashi da gurmin Haruna Uji na nan Haɗejiya da kuntigin Ɗanmaraya Jos mun san abinda ake nufi da mutum ɗaya da tsirkiya su riƙe taro. Kuma tana tsaka da waƙa sai ta juya ta fara rera labarin mutanen da ke zaune a gabanta, ko ta gabatar da makaɗanta ɗaya bayan ɗaya a cikin waƙa, ko ta bada labarin yarintarta, duk nan take, abinda Shata yayi shekara da shekaru yana yi ba takarda ba biro.

Amma ba don waƙarta na ɗauki biro ba, don koyarwarta ne. A 1978 Kwalejin Birnin Niyok, makarantar gwamnati ce babba, ta ɗauke ta tana koyar da waƙar jaz, ta kuma yi ta yi har 2005, shekara 27 kenan, ban da tarukan horaswa da take yi lokacin hutu a jami'ar Masacusets da wasu ƙasashen Turai. Ba digirin kiɗa ta kai musu ba. Abinda ta kai musu shine kunnenta da shekarun da tayi a gaban jama'a da kuma cewa ta zauna da manyan abin ta ji daga bakinsu. Ita kanta ta yi karatu gun wani makahon mai fiyano Lennie Tristano, wanda hanyarsa itace ya sa ɗalibi ya kunna faifan gwani yayi ta bin busar da baki har sai ta zauna masa a jiki kafin ya taɓa kayan kiɗa. Ita ma abinda ta dinga nanatawa ɗalibanta kenan, ka fara sanin asalin waƙa yadda mai ita ya tsara ta kafin kace zaka yi mata ado, sannan ta koya musu abubuwan da ba a littafi suke ba, yadda zaka ba makaɗa saurin da kake so, yadda zaka san muryar da ta dace da maƙogwaronka, yadda zaka girmama wanda ke kaɗa maka. A 2012 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta bata lambar gwanayen jaz, wadda itace babbar lambar da suke ba masu wannan kiɗa, kuma ta haura 90 tana hawa dandamali tana koyarwa. Yau da ta mutu akwai ɗaruruwan mutane da zasu ce gun wance na koya, suma suna koyar da wasu.

To mu fa?

Mu ma muna da makaranta, ko ince mun taɓa yi. Da can gidan makaɗi makaranta ne, yaro zai fara da ɗaukar kaya, yana bin ubansa ko ubangidansa gari-gari, daga nan a sashi cikin 'yan amshi yayi shekaru yana karɓi, yana jin inda ake tsayawa da inda ake ɗauka, yana haddace salsalar gidaje da kirarin kowace sarauta, sai ya nuna sannan a sallame shi ya kafa nasa. Musa Ɗanƙwairo a haka ya tashi, gun mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya fara sannan ya zauna ƙarƙashin yayansa Kurna kafin ya tsaya da ƙafarsa. Wannan sarƙar ce take tsinkewa a ƙauyukanmu muna kallo. Ɗan makaɗi yanzu ya gwammace yaja acaɓa ko ya tafi ci-rani Legas ko Abuja da ace masa maroƙi, kuma ni ban ga laifinsa ba, don mu ɗin nan da muke rawa da kiɗan ubansa mune idan yazo neman auren 'yarmu zamu ce a bincika asali. Biki kuma yanzu diije ne, sifika biyu da janareto da memori, an gama, ya fi arha kuma ba sai an dafa wa mutum goma abinci ba. Gayya ma da ake kiran mai gangar noma ya zuga samari, yanzu maganin feshi da kuɗin ƙwadago sun maye gurbinta.

A ƙauyenmu akwai wani dattijo mai gurmi, bazan kama sunansa ba don ban nemi izininsa ba, idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa maza ba wanda ya ɗauki abin ko ɗaya. Akwai kuma wata gyatuma da da ita ce ke jan kiɗan ƙwarya a duk bikin da za'ayi a yankin, yanzu sai dai idan jikokinta sun tsokane ta ta ɗan rera baiti biyu tayi dariya tace Allah Ya shirye ku. Idan ka zauna da baban nan mai gurmi zaka gane cewa waƙar ma itace ƙaramin abinda ya sani. Ya san irin duman da ake zaɓa, ya san yadda ake ɗaure fata da yadda ake shanya ta idan sanyi ya sa ta saki, ya san taken da ake yi wa manomi daban da na mahauci daban da na ɗan dambe, ya san tarihin wanda ya sari garin da waɗanda suka zo daga baya. Wannan duk ba ya cikin kaset. Mutane na cewa ai an naɗi waƙoƙin suna nan a intanet, eh suna nan, muryar Shata da ya rasu a 1999 tana nan, ta Barmani Choge da ta rasu a 2013 tana nan, ta Ɗanmaraya da ya rasu a 2015 tana nan, Allah Ya jiƙansu. Amma faifai ba zai kama hannun yaro ya gyara masa riƙon kalangu a hammata ba, ba zai ce masa a'a ka matsa tsirkiya a nan don kalmar ta fito yadda ake faɗarta ba.

Ban ce jami'o'inmu basu yi komai ba, kar a fahimce ni ba daidai ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, shi yasa muke cewa Dokta, kuma malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun yi aiki ba kaɗan ba wajen rubuta tarihin makaɗan baka da nazarin waƙoƙinsu, ɗalibai kuma duk shekara suna rubuta kundi akansu. Allah Ya saka. Sai dai kundi nazarin abin ne, ba yin abin ba. Mun iya saka wa mawaƙi hula da rigar digiri ayi hoto, mun iya zuwa da rikoda mu yi hira dashi mu tafi mu sami maki, abinda ban ga mun saba dashi ba shine a bashi aji da ɗalibai da alawus duk wata a ce Malam koya musu. Wancan kwalejin ta Niyok abinda tayi kenan da mai buga tafireta.

Ni malamin firamare ne, a jadawalinmu akwai darasin al'adu da fasaha. Yadda ake yinsa a yawancin makarantun karkara da na sani shine malami ya rubuta a allo, kayan kiɗan Hausawa, kalangu, ganga, algaita, goge, kakaki, yara su kwafa, ranar jarrabawa su lissafo biyar su ci maki. Yaron da zai rubuta goge bai taɓa sanin cewa da izgar doki ake yin tsirkiyarsa ba, alhali mai gogen yana nan bayan kasuwa yana zaune a gindin bishiya ba abin yi. Haba dan Allah.

Nasan inda wasu zasu ɓullo, zasu ce malam kana kira a koya wa 'ya'yan Musulmi kiɗa, kuma ka rasa da wa zaka kafa hujja sai wata mai waƙa a kulob. Ni ba malamin fatawa bane, hukuncin kiɗa malamai sun yi maganganunsu kuma kowa ya san wanda yake bi, wanda ya ga barinsa shine daidai ina girmama shi, kuma ba wanda nace a tilasta wa ɗansa. Ban kuma ce a ɗauko rayuwar kulob a kawo mana ba, ita kanta matar ta faɗi irin ɓarnar da giya da ƙwaya suka yi wa mutanenta. Abinda nake cewa shine yaran nan fa suna jin kiɗa ko mun so ko mun ƙi, yana cikin wayar kowa, kuma da yawansu suna zuwa situdiyo a Kano su biya kuɗi a buga musu fiyano kwamfuta ta gyara musu murya, waƙa ta fito yau jibi an manta da ita. Cikinsu akwai masu baiwa ta gaske, ina jinsu, amma ba wanda ya taɓa zaunar dasu yace ga yadda ake gina ɗan waƙa, ga yadda ake saƙa habaici ba tare da ashar ba, ga yadda ake yabon mutum da aikinsa da asalinsa ba da motarsa kawai ba. Idan har za'ayi abin, gara a koye shi gun waɗanda suka san ladabinsa. Kuma waƙar daka da ta niƙa da ta reno da ta gaɗa da iyayenmu mata suka tashi da ita, wannan a tsakar gida ake yinta tsakanin mata, injin niƙa ne ya kashe ta ba wa'azi ba.

Don haka roƙona ga Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse, musamman masu koyar da Hausa, ku gwada ko da zango ɗaya ne, ku nemo tsoho ɗaya mai gurmi ko kukuma ko kotso da tsohuwa ɗaya mai amada, rana ɗaya a mako, a ɗauko su a mayar dasu, a basu wani abu mai ɗan kauri da zasu riƙe gida, ɗalibai mata su zauna da gyatumar maza su zauna da dattijon, wanda yake so kawai. Kar a tambaye su takardar shaida don basu da ita, kar kuma a sa su tsaya a gaban allo, a shimfiɗa tabarma a bar su su koyar yadda aka koya musu. Waɗanda ke Gumel ɗin nan su ne gobe zasu shiga azuzuwan firamare irin nawa, idan mutum ɗaya cikin goma ya fita ya iya riƙe kalangu ai an rage asara. Masarautunmu biyar, Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim da Dutse, suma suna da makaɗan fada da mabusa waɗanda suka san taken kowane sarki da aka yi, ya kamata a tambaya a ji su wa ke bayansu suna koya, idan babu a nemo, ko da ba 'ya'yan gidan bane, tunda shi kansa Shata ba gadon kiɗa yayi ba, mahaifinsa ma bai so ba.

Kai kuma Edita naka aikin mai sauƙi ne, ku daina jira sai mawaƙi ya rasu sannan ku buga hotonsa da tarihinsa a shafi biyu. Ka turo wakilinka kasuwar Gujungu ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis, ya tambayi duk wani dattijo ina masu kiɗan da suke a yankin nan, za'a nuna masa gidajensu, yazo da kati a waya da ɗan goro, ya tambaye su wa suka koya wa. Idan ya biyo ta wajenmu ni zan kaishi gun mai gurmin da kaina a babur ɗina, amma ya bari sai ruwa ya janye don hanyar bata biyuwa yanzu.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu kullum,
wani malamin firamare daga karkarar Auyo, jihar Jigawa.